Awon Fili a Bakin Teku da Rigimar Iyaka da Maƙwabci a Saudiyya: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin rigimar iyaka a gaɓar Bahar Maliya tana da tushe da ake iya nunawa da yatsa: tsohon sak, wato takardar mallakar fili, da aka rubuta da kamu, ko katangar da magini ya ɗora bisa igiyar da ya ja da ido, ko ruwan teku da ya tsaya nan lokacin sanyi ya koma can lokacin zafi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan'uwanmu Hausawa na Jidda, Rabig, Yanbu, Lis da Ƙunfuza suka fi kawowa wurin masu awo. Wasu masu fili ne, wasu magada ne da aka bar wa gida ko istiraha, wato gidan hutu, wasu kuma wakilai ne ko masu gadin wurin wani. Mun bar sunayen takardu da ofisoshi yadda ake faɗinsu a nan, domin da su za a tambaye ka a amana, wato hukumar birni, da kotu.

Injiniya, idan na kawo mai awo, shi ne zai yanke mana inda iyaka take?

A'a, Alhaji. Massahi, wanda a Najeriya ake kira safiyo, ba ya ba kowa fili, ba ya kuma karɓe na kowa. Aikinsa shi ne ya ɗauki abin da ke rubuce a sak da taswirar amana ya sauke shi a ƙasa, ya auna abin da ya tarar a wurin, katanga da ƙofa da tankin ruwa da sauransu, sannan ya nuna bambancin da ke tsakani. Idan takardu biyu suka ci karo, zai nuna inda suka ci karo da girman wurin. Amma a ce wannan takarda ta fi waccan ƙarfi, wannan maganar alƙali ce. Duk mai awon da ya ce maka "bar mini, zan fitar maka da haƙƙinka" tun bai ga sak ɗin maƙwabci ba, ka nemi wani.

Waɗanne takardu zan tanada kafin a zo?

Sak ɗin mallaka da farko. In na takarda ne irin na da, a sabunta shi ta dandalin Ma'aikatar Shari'a ya koma na lantarki, don yawancin ayyukan amana ba sa tafiya sai da shi. Sai lambar filin da lambar mukaɗɗaɗ, wato taswirar unguwar da amana ta amince da ita. Sai lasisin gini in akwai gini, da duk wani tsohon karoki, wato zanen fili, da aka taɓa zanawa ko da ya yage. In filin gado ne, a haɗa da takardar hasrul warasa, wadda ke lissafa magada, da wakalar da sauran magada suka ba wanda zai tsaya musu.

Mutane na yawan gama karoki da ƙarar masahi, wato takardar tabbatar da awo, alhali nauyinsu ba ɗaya ba ne. Karoki zane ne da ofishi ya yi. Takardar ƙarar masahi kuwa ofishin injiniyoyi mai lasisi ne ke shigar da buƙatarta ta dandalin Baladi na ayyukan amana, amana ta duba ta amince, kuma da ita ake neman lasisin gini, raba fili, haɗe filaye, ko gyara tsawo da faɗi a cikin sak. Karokin da amana ba ta sa hannu a kai ba yana taimakawa wajen fahimta, amma ba ya gyara sak.

Sak ɗin kakanmu ya ce iyakar yamma teku ce, kuma tsawon da kamu aka rubuta. Yaya za a auna wannan?

Irin wannan sak shi ya fi cin lokaci. Tsofaffin sukuk (jam'in sak) na Hijaz ba su da lambobin wuri. Abin da suke da shi shi ne iyakoki huɗu da tsawon kowane gefe, wani lokaci arewa a rubuta ta "shaman" kudu kuma "yamanan". Wanda bai saba ba sai ya juya filin gaba ɗaya.

Sai maganar kamu. Zira'in magina, wato kamun magina, da aka saba aiki da shi a sukuk santimita 75 ne, saboda haka kamu 40 mita 30 ke nan. In wani ya lissafa da kamun hannu, wanda bai cika rabin mita ba, sai ya fito da kusan mita 19. Mita 11 sun ɓace a gefe ɗaya kawai, ba tare da kowa ya taɓa turke ba. Don haka abu na farko da mai awo zai rubuta a rahotonsa shi ne wane kamu ya yi amfani da shi da kuma dalilinsa.

Game da iyakar yamma, ba daga teku ake fara awo ba. Ana neman abin da bai motsa ba daga cikin iyakokin: tsohon titi, kusurwar masallaci, rijiya, ko filin maƙwabci da aka riga aka tabbatar da lambobinsa. Daga nan ake auna tsawon da sak ya faɗa zuwa yamma. Inda tsawon ya ƙare, nan sak ya ƙare, ko da ruwa yana can gaba da mita hamsin. Kalmar "teku" a sak tana bayyana abin da ke makwabtaka da filin ranar da aka rubuta shi, ba ta ba mai shi duk ƙasar da ta bayyana daga baya ba. Tsofaffin hotunan sama suna taimakawa ƙwarai a nan, domin su ke nuna inda gaɓa take a shekarun da aka rubuta takardar.

To ina ne ainihin bakin teku, tunda ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya?

A yankin Jidda cikowa da janyewar ruwa ta kullum ƙarama ce, kamar santimita 20 zuwa 30. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne canjin shekara. Ruwan Bahar Maliya ya fi tsawo a hunturu, lokacin da iskar kudu ke turo ruwa ta mashigin Babul Mandab, ya kuma sauka a bazara da iskar arewa da tsananin tururi. Bambancin yakan kai kusan rabin mita.

Rabin mita a tsaye ba wani abu ba ne inda gaɓa dutsen murjani ne mai tsayi, kamar wasu sassan Ubhur. Amma a kan sabka, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai gishiri irin ta kudancin Jidda, inda ƙasa ke tashi mita ɗaya kacal a cikin mita 200, rabin mita yana kai bakin ruwa gaba da mita 100. Mutum biyu suna iya ɗaukar hoton wuri ɗaya, ɗaya a Janairu ɗaya a Agusta, kowa ya rantse da gaskiyarsa. A gabas kuma, wajen Dammam da Ƙaɗif da Jubail, cikowar kullum kanta takan wuce mita ɗaya.

Shi ya sa mai awo ba ya bin jiƙar yashi. Layin gaɓa da hukuma ta amince da shi yake karɓa ya ɗora a taswirarsa, kuma in ya auna bakin ruwa da kansa, dole ya rubuta rana da sa'a da tsawon ruwan bisa ma'aunin tsawo na ƙasa, wanda aka kafa kan matsakaicin ruwan teku a Jidda.

Mene ne haramin teku, kuma ya shafi filina?

Haramin teku shi ne zirin ƙasar da ke bin gaɓa wanda gwamnati ta keɓe. Umarnin sarauta ya hana ba da sabuwar mallaka a cikin mita 400 daga gaɓa, kuma dandalin Ihkam, wanda aka buɗe a ƙarshen 2020 don duba buƙatun masu riƙe da fili ba tare da cikakken sak ba, bai karɓi buƙata a kan haramin teku ba. Wanda ke da ingantaccen sak da ya cika sharuɗɗa tun da, matsayinsa daban ne, amma ko shi abin da zai gina da inda zai gina yana bin ƙa'idar amana. Kafin ka kashe ko riyal ɗaya a rigima da maƙwabci, ka sa a ɗora layin haramin teku a kan taswirar filinku. Yakan faru a gano zirin da ake jayayya a kai ba na ɗayansu ba ne, na gwamnati ne.

Ranar awo, me ya kamata in gani ana yi?

Aiki mai kyau a ofis yake farawa. Ana zana sak ɗinka da na maƙwabta a kwamfuta, a ɗora su kan mukaɗɗaɗ, a ga ko gefuna huɗun suna rufewa da kansu. Sau da yawa tun a nan kuskure ke bayyana, misali tsawon gabas da na yamma ba su ba da faɗin da aka rubuta ba.

A fili kuma, mai awo zai fara da ɗora na'urarsa ta tauraron ɗan'adam a kan turken gwamnati da aka san lambobinsa. In na'urar ta ba da lambar da ta dace da shi a cikin santimita 2 zuwa 3, sai a ci gaba. Na'urar tana karɓar gyara kai tsaye daga tashoshin Hukumar Awo da Bayanan Taswira ta ƙasa, ko daga wata na'ura da aka kafa a kan sanannen turke. Ka lura da allon hannunsa: akwai lokacin da na'ura ta kama sosai, kuskurenta santimita 1 zuwa 2 ne, akwai kuma lokacin da take lilo, kuskuren ya kai rabin mita ko fiye. Ba a ɗaukar kusurwa sai ta kama.

Kowace kusurwa a auna ta sau biyu aƙalla, da tazarar rabin sa'a ko fiye, bayan an kashe na'ura an sake kunnawa, domin taurarin su canza matsayi. Sandar na'urar mita 2 ce, kuma in ta karkata da digiri ɗaya tak, kusurwa ta kauce da santimita 3 da rabi. Don haka a iskar yamma ta bakin teku ana tallafa mata da ƙafafu biyu.

Jikin doguwar katanga, ƙarƙashin rumfar kwano, da dab da ruwa, saƙon tauraro yana bugawa ya dawo ya ruɗa na'ura. A irin waɗannan wurare ana kafa turaku biyu a sarari, a ɗora na'urar total, mai auna nisa da kusurwa da haske, a kansu, a harbo kusurwoyin katanga da madubi. Ana auna katangar ta fuskokinta biyu, a sama da ƙasa, a kuma tona kaɗan a ga inda harsashinta ya kai, don harsashi yakan fita waje da katanga da santimita 20 zuwa 40. A ƙarshe a koma kan turken da aka fara da shi a sake dubawa. Wanda ya sauka daga mota ya taɓa kusurwa huɗu cikin minti goma ya tafi, bai yi awon da za a kai kotu ba.

Abu ɗaya da muke roƙon kowa: a gayyaci maƙwabci a rubuce, a sa rana, ya zo ko ya turo wakili. Awon da aka yi a bayan idonsa, ko da daidai ne, da wuya ya yarda da shi.

Ni da maƙwabcina kowa ya kawo mai awonsa, sakamako ya bambanta. Wa ya yi ƙarya?

Mai yiwuwa babu wanda ya yi. Girman bambancin shi ke nuna inda matsalar take.

In bambancin gomomin mitoci ne, kuma duka kusurwoyin sun kauce zuwa gefe ɗaya, to tsarin lambobi ne ya sha bamban. Tsofaffin taswirori da yawa an yi su a kan tsarin Ainul Abdi na 1970. Daga baya ma'aikatar baladiyya, wato ta harkokin birane, ta yi aiki da nata tsarin na 2000, yanzu kuma tsarin ƙasa shi ne KSA-GRF17. Lamba ɗaya a tsari biyu wuri biyu take nunawa. Wanda ya kwafi lambobin tsohon karoki ya zuba a na'urar yau ba tare da juyawa ba zai kafa turke a tsakar gidan wani.

In bambancin santimita 20 zuwa 40 ne, a duba ko ɗayansu ya karɓi gyara daga tsarin duniya kai tsaye. Farantin ƙasar Larabawa yana matsawa arewa maso gabas da kimanin santimita 4 a shekara. Tsarin ƙasa an ɗaure shi ne da matsayin farkon 2017 don lambobin fili su tsaya cak, tsarin duniya kuwa yana tafiya da motsin.

In 'yan santimitoci ne a dogon gefe, ma'aunin taswira ne. Jidda tana shiyya ta 37 a tsarin UTM na zana taswira, dab da layin tsakiyar shiyyar a digiri 39 gabas, inda mita 100 a ƙasa ke fitowa mita 99.96 a taswira. Santimita 4 ke nan a kowace mita 100, kuma a fili mai murabba'in mita 10,000 kusan murabba'in mita 8. Sak yana maganar tsawon ƙasa, lambobi suna ba da tsawon taswira. Haka kuma tef ɗin ƙarfe mai mita 50 yana miƙewa da kusan santimita 1 da rabi a zafin digiri 45, kuma madubin total da aka saka wa lamba ba daidai ba yana ƙara santimita 3 a kowane harbi.

Akwai kuma dalilin da ba na na'ura ba, wanda a ganinmu ya fi yawa: wurin farawa. Wani ya fara daga titin arewa ya auno kudu, wani ya fara daga kudu. In jerin filayen ya gaza abin da mukaɗɗaɗ ya rubuta da mita ɗaya, kowane mai awo zai tura gibin kan wanda ya zo ƙarshe. Maganinsa a auna jerin gaba ɗaya daga titi zuwa titi, a ga a wane fili aka fara kaucewa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa masu awon biyu a fili rana ɗaya, su ɗora na'urorinsu a kan turke ɗaya, kowa ya faɗi tsarinsa da inda ya fara. Yawanci kafin azahar an gano bakin zaren.

Wayata da Google Earth sun nuna katangarsa ta shigo. Wannan bai isa hujja ba?

Bai isa ba. Kuskuren wayar hannu mita 3 zuwa 5 ne a sarari, hoton sama kuma yakan kauce da mitoci, kan dogon gini yana kwantawa gefe. Suna da amfani guda: hotunan shekarun baya suna nuna lokacin da aka gina katanga ko aka zuba ƙasa a teku. Jirgi mara matuƙi kuma kada ka tayar da shi a bakin teku ba tare da izinin hukumar sufurin jiragen sama ba.

Wane irin turke ne ke daɗewa a ƙasa mai gishiri?

Rodin da aka buga haka nan a sabka tsatsa ke cinye shi cikin 'yan shekaru, katako kuma ba a maganarsa. A haƙa rami mai zurfin santimita 60 zuwa 80, faɗi kamar 30, a zuba kankare da siminti mai jure gishiri, wanda dillalai ke kira muƙawim, a dasa ƙusar tagulla ko ƙarfe mara tsatsa a tsakiya, a bar kansa ya ɗan fito sama da ƙasa. Inda ƙasa dutsen murjani ce, a huda a liƙe ƙusar a ciki. A yashi mai tafiya a ƙara zurfi.

Kowane turke a yi masa shaidu biyu ko uku: a auna tazararsa zuwa kusurwar gini ko sandar lantarki a rubuta, a ɗauki hoto. Ambaliya irin wadda ta auka wa Jidda a Nuwamban 2009 da Janairun 2011 tana kwashe turaku ta binne wasu, kuma bakin kwari inda ruwa ke faɗawa teku shi ne wurin da hakan ya fi faruwa.

Maƙwabcina ya tumɓuke turke, yanzu haka yana haƙa harsashi. Me zan yi yau?

Kada ka mayar da turken da hannunka, kada ka rusa komai, kada ka yi faɗa da leburori. Ɗauki hoto da bidiyo mai nuna rana. Ka yi masa magana, ko ka tura dattijon da yake jin nauyinsa, a roƙe shi ya dakata kwana biyu a auna. Ka kira lambar amana 940 ka kai rahoto, domin mai sa ido zai duba ko ginin yana bin lasisi. In ya ƙi tsayawa, tsarin shari'a ya tanadi ƙarar gaggawa ta dakatar da sabon aiki, da ta hana cin zarafin mai riƙe da fili, ana shigar da su ta dandalin Najiz na Ma'aikatar Shari'a. Gaggawa na da muhimmanci a nan, domin ƙarar dakatarwa tana aiki ne kafin a gama ginin.

Dattijon da zai je yana iya tuna masa, cikin ladabi, cewa ya tabbata a hadisi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya la'anci mai canza alamomin ƙasa. Da yawa ba su san nauyin abin ba, magini ne ya cire don motar haƙa ta wuce.

Awo ya nuna katangarsa ta shigo mini da santimita 30, kuma ta yi shekaru. Dole a rushe?

A fara da lissafi. Santimita 30 a gefe mai mita 25 murabba'in mita 7 da rabi ne. In kuma shigowar ta fara daga sifili a gaba ta kai santimita 40 a baya cikin mita 30, murabba'in mita 6 ne. Ka ninka da kuɗin mita a unguwar, ka gwada da kuɗin rushewa da sake gini, sai ka ga girman abin da ake magana a kai. Ka kuma tambayi injiniyanka ko ragin zai taɓa tazarar irtidadi, wato wadda ake bari tsakanin gini da iyaka, da lasisinka ke buƙata, don wani lokaci nan cutarwar take.

Dokar mu'amalolin farar hula da ta fara aiki a Disambar 2023 tana bambanta wanda ya yi gini a filin wani da kyakkyawar niyya da wanda ya san ba nasa ba ne, kuma kotu na duba hakan. Shawararmu a ƙaramin shigowa irin wannan ita ce sulhu: ko ya sayi zirin, ko a yarda cewa ranar da za a sabunta katanga za a mayar da ita kan layi. A yi sulhun ta dandalin Taradi na Ma'aikatar Shari'a, domin takardar da ke fitowa daga can kotun zartarwa tana aiki da ita. In sayarwa aka yi, sai an bi ta amana an gyara sukuk biyun. Sulhun baki a majalisa yana mutuwa tare da waɗanda suka yi shi, sai 'ya'ya su gaji rigimar.

In kuma sak ɗina da nasa duka sun hau wuri ɗaya fa?

Wannan shi ake kira tadahul, kuma mai awo ba ya warware shi. Zai zana iyakar kowane sak da launinsa, ya fitar da lambobi da faɗin wurin da suka haɗu. Daga nan sai babbar kotu ta yankin da filin yake, wadda za ta bi asalin kowane sak: wanne ya riga, a kan me aka gina shi, ya cika sharuɗɗa ko bai cika ba. Kada ka sayar, kada ka gina a wurin da ake jayayya har a gama.

Kotu za ta karɓi rahoton mai awona?

Za ka iya gabatar da shi, amma galibi alƙali yana naɗa ƙwararre na kotu, ko ya nemi bayani daga amana. Ka halarci ranar da ƙwararren zai fita, ka tafi da mai awonka, ka miƙa takardunka a rubuce. In rahoton ya fito da kuskure, ƙorafin da ke da tasiri shi ne mai nuna abu takamaimai: bai faɗi tsarin lambobinsa ba, ya fara daga katangar da ita kanta ake jayayya a kai, ko ya lissafa kamu ba daidai ba.

Kuɗin shari'a yakan kai kashi 5 cikin ɗari na abin da ake nema, ba ya wuce riyal miliyan ɗaya, kuma yawanci wanda ya faɗi shi ke ɗauka. Sulhu da wuri yana rage shi sosai. Wa'adin ɗaukaka ƙara kwana 30 ne, a ƙarar gaggawa kuma kwana 10.

Maƙwabcina ya zuba duwatsu a teku ya faɗaɗa wurinsa, yanzu ruwa na cin gefena.

Cike teku, yashe shi, ko sare itatuwan shura, masu tsirowa a ruwan gaɓa, ba tare da izini ba laifi ne a dokar muhalli, kuma ƙasar da aka samu ta wannan hanya ba ta shiga sak ɗin kowa. Abin da ke faruwa da kai sananne ne: duwatsun da aka miƙa cikin ruwa suna tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa, sai ya taru a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya zaizaye. Ka sa a auna bakin gaɓarka da tsawon ƙasa yanzu, a maimaita bayan wata shida da bayan shekara a kan turaku ɗaya, a haɗa da tsofaffin hotunan sama. Ka kai rahoto ga amana da cibiyar sa ido kan muhalli. Kada ka rama da zuba naka duwatsun, laifin zai zama biyu. Duk awon da zai shiga cikin ruwa da kwale-kwale kuma sai an sanar da dakarun tsaron iyaka.

Wannan sabon rajista na filaye, wato sijil aƙari, zai kawo ƙarshen rigimar iyaka?

Zai rage ta ƙwarai. Dokar ta fito a 2022, aka fara aiki da ita a unguwar Falah ta Riyad a 2023, ana kuma shelanta unguwanni kashi-kashi. Kowane fili yana samun lamba da shafinsa, da iyakoki masu lambobin wuri. Abin lura shi ne bayan an wallafa jerin masu mallaka akwai wa'adin ƙorafi da ba ya wuce shekara ɗaya, daga nan rajistar ta zama hujja tabbatacciya. Wanda ya san akwai kokwanto a iyakarsa, ya auna kafin unguwarsa ta shiga, ya kuma duba taswirar da aka yi wa filinsa rajista da ita tun wa'adi bai ƙare ba.

Ni mai gadin istiraha ne, mai wurin ba ya gari. Masu awo sun zo daga wajen maƙwabci, in buɗe musu?

Ɗan'uwa, ka gaishe su, ka tambayi sunan ofishinsu da wanda ya turo su, ka kira mai wurin nan take. In ya ce a buɗe, ya turo maka a rubuce ta waya. In takardar kotu ko ta amana ce a hannunsu, kada ka hana su, ka ɗauki hotonta ka tura masa. Ko ta yaya, kada ka sa hannu a kan komai, kada kuma ka nuna wuri ka ce nan ne iyaka. Maganarka tana iya shiga rahoto a matsayin maganar wakili, alhali ba ka da wakala.

Me zan karɓa a hannun ofishi bayan aiki, kuma yaushe ya fi kyau a yi?

Taswira mai hatimin ofishi da sunan injiniyan da ke da rajista a majalisar injiniyoyi ta Saudiyya, jadawalin lambobin kusurwoyi tare da sunan tsari da shiyya, kwatancin tsawon sak da tsawon da aka samu a kowane gefe, turken da aka fara daga kansa, hotuna, da fayil ɗin zanen na kwamfuta. A rubuta waɗannan a yarjejeniya kafin a biya kuɗi, a kuma fayyace ko kuɗin ya haɗa da kafa turaku da bin takardar ƙarar masahi har ta fito, domin nan farashin ofisoshi ke bambanta.

Game da lokaci, da sassafe ya fi, kafin zafi ya sa iska ta fara rawa a gaban madubi, kafin kuma iskar teku ta taso da yamma. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, don haka babban fili yakan ci kwana biyu. In filin yana kan sabka, a duba shi da hunturu ma, lokacin da ruwa ya fi matsowa, kuma a bar mota a kan titi, don ɓawon gishirin yana burmawa da ita.